Hannun da na sa ban karanta ba

A sashenmu akwai ƙa'ida: kafin a buga tambayoyin jarrabawa, sai wani malami ya karanta su, ya gwada su da abin da aka koyar, sannan ya sa hannu. Ni aka ɗora wa wannan aiki bayan yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Da aka dawo sai aka shiga matse kalanda, karatun zango guda aka cusa shi cikin 'yan makonni.

Ana haka takardar wani babban malami ta zo teburina. Shi ya koyar da ni tun ina aji ɗaya, shi ya tsaya mini har na samu aikin, kuma sahu ɗaya muke bi da magariba a unguwarmu ta Gesse. Na ga sunansa a bayan ambulan, na sa hannu ban buɗe ba. Da na kai masa har da cewa, "Allah gafarta Malam, ai naka ba a dubawa." Ya yi dariya, ni kuma na fito ina ganin na yi ladabi.

Kowa a sashen ya san ba Malam ke shiga ajin ba, ni ma na sani. Kwamitoci da tafiye-tafiyen Abuja sun sha kansa, wani ƙaramin malami da bai gama digiri na biyu ba shi ke riƙe da darasin. Bai wuce rabin manhaja ba lokaci ya ƙure. Malam kuwa ya zauna ya tsara tambayoyinsa a kan manhajar baki ɗaya, kamar yadda ya saba. Ƙaramin malamin ya ga takardar, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba. Wa zai gyara wa mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa, kuma ta hannunsa zai bi in yana neman tallafin karatu na TETFund?

Wanda bai zauna irin garinmu ba zai ce tsoro ne. Kunya ta fi yawa a ciki. Gesse cike take da malamai, na Kwalejin Waziri Umaru, na Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da masu sammako zuwa Aliero ko Argungu. Wanda ka yi wa gyara a taron sashe da safe, da shi za ka zauna tabarmar gaisuwar rasuwa da la'asar, matarka kuma tana cikin adashin matarsa. Sai kowa ya kare fuskar ɗan'uwansa, a bar wa ɗalibi biyan kuɗin sabulu, don shi ba ya cikin majalisar.

Da aka yi jarrabawar, yawancin ajin suka faɗi. Wasu 'yan shekarar ƙarshe da darasin kaɗai ya rage musu sai da suka ƙara shekara, abokansu suka tafi bautar ƙasa suka bar su, iyaye suka sake biyan kuɗin makaranta da na haya.

Na je gidan Malam bayan isha'i na faɗa masa yadda aka yi, ina jiran faɗa. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ai don ka duba aka ba ka. Da ka zo nan ka gaya mini, daren nan zan canza su." Ashe ƙofar a buɗe take, ni ne ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. Abin da ba zai ji a gaban taro ba, zai ji shi a zaurensa.

Yanzu kafin in sa hannu sai na nemo wanda ya tsaya gaban allo, ko da ba sunansa ke kan jadawali ba, mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. In akwai gyara, ni nake kai wa mai takardar a keɓe, ba na bari ƙaramin ya ɗauki nauyin. Ba kowa ke karɓa irin ta Malam ba. Akwai wanda har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Tawa takardar kuma wata sabuwar malama nake ba wa. Da farko ta dawo da ita ba ko ɗigon biro, sai da na mayar mata na ce ta sake karantawa.