Kwanon Kunu a Gefen Gado

A Ɗankaza ta ƙasar Wudil, wata mata ta kwana uku tana dama wa mahaifiyarta kunu, tsohuwar na kurɓa tana amayarwa. Ciki ya kumbura, bayan gida ya ɗauke, ko iska ba ta fita. Maƙwabta suka ce a jiƙa filasko. Aka jiƙa, murɗar ciki ta ƙaru. Sai da aka kai ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano hoto ya nuna cewa sankarar da aka gano bara ta toshe mata hanji.

Irin wannan toshewa ta fi faruwa ga masu sankarar babban hanji da ta ƙwan haihuwar mata. Jikin mutum na zuba kusan lita 7 ta ruwa a hanyar abinci kowace rana, daga yawu da ruwan ciki da na matsarmama da sauransu, hanji kuma ya sake tsotse mafi yawansa. Idan hanya ta toshe, ruwan sai ya taru ya dawo ta baki. Maganin wankin ciki kuwa ƙara matsa hanji yake yi a kan ƙofar da ke rufe, shi ya sa filasko ya ƙara mata azaba.

Likita ya zaunar da 'yar ya yi mata bayani. Idan toshewar wuri ɗaya ce kuma jiki na da ƙarfi, ana yin tiyata, wani lokaci a fito da bakin hanji ta fatar ciki a maƙala jaka. Amma na Inna ya toshe a wurare da dama, jikinta kuma ya rame. Tiyata za ta iya cinye 'yan makonnin da suka rage mata a gadon asibiti. Abin da ya saura shi ne sauƙaƙa wahala: roba ta hanci don zuƙe ruwan, ƙarin ruwa, mofin saboda zafi, Buscopan saboda murɗa, da allurar tsayar da amai. Shi ma likitan maganar ta yi masa nauyi, domin dangi da yawa na jin "ba za a yi aiki ba" tamkar an ce an sallama.

Abin da ya fi ci wa 'yar rai shi ne abinci. A wurinta jinya ita ce ciyarwa, kuma tana tsoron a ce ta bar uwarta da yunwa.

"Inna, ki daure ki ƙara cokali ɗaya."

"Bar shi, 'yar nan. Ni dai gida nake so."

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mata wata hanyar: ta riƙa jiƙa mata leɓe, ta goge mata baki, ta ba ta ɗan kurɓi don ɗanɗano kawai, ba don ƙoshi ba.

Da amai ya lafa, aka cire robar bisa roƙon tsohuwar, suka koma Ɗankaza da magunguna. Har yanzu ana dama kunu kowace safiya. Inna kan ɗanɗana a bakin cokali ta ce ya yi, jikoki su shanye sauran a gefen gadonta.