Kwana Biyu A Ikko Da Kyamara A Hannu

Duk wanda wata hidima ta kai shi Ikko, watau Legas, ya kuma sami rarar kwana ɗaya ko biyu, shawarata gare shi ita ce kada ya ƙarar da su wajen ɗaukar hoton dogayen benaye. Waɗannan suna nan daram, gobe ma za a ƙara wasu. Abin da ya cancanci a tsaya a ɗauka shi ne tsohon garin da ke cikin tsibiri, domin Ikko birni ne mai saurin share sawunsa.

Ga misali, kusa da dandalin Tinubu an yi wani bene da ake kira Ilojo Bar, wanda aka gina a 1855 bisa salon ginin bayin da suka komo gida daga Barazil. Tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe shi. Haka unguwar Maroko ta tafi a 1990, haka kuma bakin tekun Bar Beach, inda jama'a kan je shan iska, aka cike shi da yashi ana gina sabon birni a kansa. Yau mai son ganin waɗannan wurare sai dai ya nemi hotunansu.

Saboda haka, mai karatu, yi sammako tun kafin cunkoson motoci ya kankama, ka haye gadar Carter ka sauka a Idumota, daga nan ka taka da ƙafa. Titin Nnamdi Azikiwe zai kai ka babban masallacin Juma'a da aka buɗe a 1988. Ba nisa daga nan, a titin Martins, akwai masallacin Shitta-Bey na 1894, wanda attajiri Muhammadu Shitta ya gina da dukiyarsa, har Sarkin Daular Usmaniyya ya ba shi sarautar Bey. Ginin ƙarami ne, rumfuna da 'yan tireda sun kewaye shi, sai ka lura da kyau kada ka wuce shi.

In ka miƙe titin Broad za ka iske tsohon kurkukun Turawan mulki, wanda aka mai da shi lambun shaƙatawa mai suna Freedom Park a 2010. Gaba kaɗan sai dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa gidan tarihi na Onikan, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A can, tambayi ma'aikata kafin ka ɗaga kyamara.

Sai dai gini kaɗai ba ya ba da labarin gari. Marigayi J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya soma ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya tun 1968, abin da kowa ke gani kullum ba ya kula, har ya tara kusan dubu. Yanzu manyan gidajen tarihi na duniya ke ajiye su. Don haka kada ka raina ɗan dako da kayansa a ka, ko yaron motar danfo yana lilo a bakin ƙofa, ko masu tsire na Obalende da almuru.

To amma a nan ne ladabi ya shigo. Fuskar mutum ba kayan gwamnati ba ce. Yi gaisuwa tukuna, ko da "e kaaro" kaɗai ka iya cikin Yarbanci, ka faɗi abin da kake so, ka nuna wa mutum hotonsa bayan ka ɗauka. Matan kasuwar Balogun ba sa son a ɗauke su a sace, kuma suna da gaskiya. Wadda ta ce a'a, ka gode mata ka wuce. Barikin soja da shingen 'yan sanda kuwa, kau da kyamararka gaba ɗaya. In zauna-gari-banza suka tare ka suna neman kuɗin ƙasa, kada ka ja da su, kuma gara ka fita da ɗan gari ya yi maka jagora.

Daga ƙarshe, in ka koma masauki, rubuta sunan titi da kwanan wata na kowane hoto tun ba ka manta ba. Wanda ya ɗauki hoton Ilojo Bar a 2015 bai san cewa shaida yake ajiye wa 'yan baya ba.