Gansakuka da gubar da tafasa ba ta kashewa

Yawancin iyayen da nake hira da su a kantin magani a Fatakwal sun yarda cewa da an tafasa ruwa, shi ke nan. Tafasa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifod, amma ba ta taɓa dalma. Hasali ma, idan tururi ya tafi, gubar ƙara taruwa take yi a ragowar ruwan. Mu da muka ga yadda dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, bai kamata mu raina wannan ba.

Shi ya sa binciken gansakuka ya ja hankalina. Ana haɗa koriyar gansakuka, irin su Chlorella, da bakteriya a tafki ɗaya. Gansakuka ta ba su iskar oksijin, su kuma su ba ta kabon da take ci, dalma da kadmiyam su manne a jikinsu, sannan a kwashe su. Abin da aka kwashe ya zama guba, sai an killace shi.

Aikin masana ne, ba na randar gida ba. Don Allah, uwargida, idan rijiyarku tana kusa da masu fasa tsofaffin batura, a kai ruwan gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a lita.