TIGA DA YARA UKU: Wannan lokeshin ɗin ba irin wanda na saba ba ne

Daga WAKILIN MU, a Kano

"KAWU, wai ruwan nan na gaske ne ko na kwamfuta?"

Autan yayata ne ya jefo mani wannan tambayar, ɗan shekara biyar, wani dare da mu ke kallon wata tsohuwar waƙar fim a wayata. Jarumi na can bisa dutse, jaruma na nan bakin ruwa, iska na kaɗa mata gyale. Na ce masa na gaske ne mana, irin sa na nan a Tiga, ni kaina na sha zuwa wurin aiki. Kafin in rufe baki yayyen sa biyu sun matso. "Za ka kai mu?" Ni kuma don in samu su ƙyale ni sai na ce, "Zan kai ku."

To, magana zarar bunu. Wata biyu cur ban sake shiga gidan nan an gaishe ni da "ina wuni" ba, sai dai "Kawu, yaushe?" Har uwar su ta kira ni gefe ta ce, "Kai, ka san yaro ba ya mantuwa. In ba za ka iya ba ka faɗa masu gaskiya, kada su riƙa yi maka kallon maƙaryaci." Maganar nan ta tsaya mani a rai.

Mai karatu, zuwa lokeshin da 'yan fim abu ne mai sauƙi ga ɗan jarida. Furodusa ya ɗauki hayar bas, an yi odar abinci, akwai mai kula da kaya. Ni nawa in rataya jaka in shiga mota. Amma ranar da ka ɗauki yara, kai ne furodusa, kai ne darakta, kai ne mai kwantiniti. Kuma ba wanda zai ce "kot" a sake ɗauka idan an yi kuskure.

ZAƁEN RANA

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne wahalar samun rana. Mu na cewa "hutun ƙarshen mako," amma yaron Kano ba shi da wannan hutun. Litinin zuwa Juma'a boko, Asabar da Lahadi Islamiyya. Sai da yayata ta je da kanta ta nemi izinin malamin su tun ana saura mako guda. Ina ba kowa shawarar ya yi haka. Yaron da aka ɗauke a ɓoye, washegari shi zai sha bulala, kuma ka koya masa cewa karatu abin gudu ne.

Da farko mun tsayar da wata Asabar, sai aka tuna ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba fita sai ƙarfe 10 na safe. Tafiya da yara kuwa in ta kai hantsi ba a tashi ba, rabin ta ta lalace. Ga shi mijin yayata ɗan Kantin Kwari ne, Asabar ba ya rufe shago. Sai mu ka koma Lahadi, shi ma ya ce zai je, da motar sa. Yaran sun fi murna da wannan fiye da zuwa Tigar kan ta, domin rabon da su fita da baban su in ba ranar Sallah ba har sun manta.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, ba lokacin kai yaro kan dutse ba ne. Disamba da Janairu ga sanyi ga hazo, ko ruwan ba za ka hango da kyau ba. Mu cikin Nuwamba mu ka je: damina ta ɗauke, madatsa na cike, gari bai gama bushewa ba.

GUZURI

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin fetur ne ke cinye mafi yawan kasafin kowace tafiya. Don haka mu ka raba: maigida ya ɗauki mai, ni na ɗauki kifi da ƙananan saye-saye, yayata ta ɗauki girki. Mu ka kuma ware wani abu daban wanda ba za a taɓa ba sai in mota ta ba da matsala.

Ta yi dambun shinkafa da soyayyen nama, abincin da ke jure yini. Na ce a yi kunun aya, ta harare ni. "Kafin azahar ya yi tsami. So ka ke mu dawo da gudawa?" Aka yi zoɓo, aka daskarar da shi tun dare. Sauran kayan: ruwan sha mai yawa, tabarma biyu, buta, sabulu, kayan canji na kowane yaro, hula, maganin zazzaɓi na yara, ƙullin gishiri da sukari na kemis, da ledoji. Kada ka raina ledar nan. Ko Kura ba mu kai ba na tsakiyar ya mayar da karin kumallon sa.

A HANYA

Ƙarfe 7 mu ka hau titin Zariya. Tiga na cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 daga birni. Da 'yan fim tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Da yara mun yi kusan biyu, domin wannan zai yi fitsari, wancan ya ga rake.

Ni dai na sha bin hanyar nan ina barci a bayan bas. Ranar ce na fara ganin ta. A Kura an baza shinkafa ana shanya, buhuna jibge a bakin titi. Gaba kaɗan, wajen Kadawa, ga magudanan ruwa na siminti sun ratsa gonaki. Babbar 'yar, wadda ke aji shida, ta tambayi baban ta daga ina ruwan ya ke zuwa alhali ba a ruwan sama. Ya ce, "Daga inda za mu je." Ya nuna masu Kwanar Gafan, inda in rani ya kankama ake loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa Kudu. Ya ce tumatirin da su ke ci a miya, da shinkafar dambun da ke cikin but, duk ruwan Tiga su ka sha. Motar ta yi tsit. Ban taɓa jin mutumin nan ya yi wa 'ya'yan sa doguwar magana irin ta ranar ba.

Da mu ka saki babban titi mu ka karya hagu, sai ga Bagauda. Yarinyar ta ce ai sunan sarkin Kano na farko ne, an koya masu. Madatsar Bagauda ita ce ta ɓalle a watan Agusta na 1988 ta yi ɓarna mai yawa. Tsohon otal ɗin da ke wurin kuma shi aka mayar reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya.

BAKIN RUWA

Duk yadda kyamara ta kai ga iya ɗauka, ba ta nuna girman Tiga. Ruwa ne iya ganin ka, faɗin sa ya kai murabba'in kilomita 178. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Shi ɗin ne dai aka sa wa gidan zoo na Kano sunan sa, wato wanda ke kan Zoo Road, titin da ofisoshin 'yan fim su ka yi wa ƙawanya. Ruwan da aka saki daga nan ya kan haɗu da na Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi. Can bisa dutse kuma ga ginin otal ɗin Rock Castle ana hango shi daga nesa.

Auta ya tsaya ya saki baki. Can ya ce, "Kawu, ina masu rawar?"

Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce yau babu su. Waɗanda ke nan kullum su ne masunta da kwalekwalen su, da mata masu suyar karfasa da tarwaɗa, da Fulani masu kawo shanu shan ruwa. Su ba a nuna su a waƙa, darakta ya kan sa a kauce masu ne.

Mu ka shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da gaɓa. Doka biyu aka kafa. Ta farko, ba mai shiga ruwa ko da ƙafa ce. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance irin na gefen madatsa da magudanan noman rani ya kan ɗauki tsargiya, cutar fitsarin jini. Ƙwayar ta na rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi, ta fata ta ke shiga, ba sai an sha ba. Ta biyu, ba hawa kwalekwale. Yaran su ka yi ta magiya, wani matashi ma ya ce zai zaga da mu da araha. Baban su ya tambaye shi rigar kariya, ya ce babu. Ya ce to a bar maganar. Duk ɗan Kano na tune da hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, inda mutane fiye da 20 su ka rasu, akasarin su ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙan su.

MINTI GOMA

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan labarin, kuma laifin nawa ne.

Bayan azahar maigida ya tafi sayen kifi. Yayata ta tayar da sallah. Babbar 'yar ta ce in ɗauke ta bidiyo a kan wani dutse kamar jaruma. Nan fa ɗan fim ɗin da ke cikina ya motsa. "Matsa hagu. Ɗaga kai. Kai kuma shigo daga can." Na ɗauka, na sake ɗauka, ina neman inda rana ba ta haske fuska.

Sai na ji muryar yayata a bayana: "Ina Auta?"

Na ɗauka ya na wurin ta. Ita ta ɗauka ya bi baban sa. Ga baban nan tafe da ƙullin kifi, shi kaɗai.

Jama'a, ban san lokacin da wayar ta faɗi daga hannuna ba. Ba wanda ya kalli tudu, duk ruwa mu ka kalla. Takalmin sa ɗaya na nan gefen tabarma. Yayata ba ta yi ihu ba, sai salati ta ke yi ƙasa-ƙasa, jikin ta na rawa. Na bi gaɓa da gudu ina kiran sunan sa, ina tuna cewa ni na yi alƙawarin nan, ni na kawo su.

Bayan wani dutse na same shi, tsugune gaban wani dattijo mai gyaran koma, ya na kallon kifi a cikin ƙwarya. Tsakanin sa da ruwa bai fi taku biyar ba. Dattijon na riƙe da gefen rigar sa da hannu ɗaya.

"Naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Tun ɗazu na riƙe shi, na ce mai shi zai zo. Samari, nan wurin ba a juya wa yaro baya. Gefen nan da ka ke gani kamar ba zurfi, rami ne."

Na yi godiya, na ciro kuɗi, ya ce in mayar aljihu in saya wa yaron takalmi. Da mu ka koma yayata ta rungume shi ta fashe da kuka. Ni ba ta ce mani komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Tun daga lokacin aka raba aiki: kowane babba da yaron sa, da suna. In za ka yi sallah ko za ka ɗaga waya, sai ka damƙa naka a hannun wani, ka faɗa da baki, shi ma ya amsa. Manya uku ne mu a kan yara uku, amma da ya ke kowa na ganin akwai wani, sai ya zama ba mai tsaro ko ɗaya.

IN ZA KU JE

Ƙarfe 4 mu ka kamo hanya, don kada magariba ta same mu a titi, ga kuma makaranta washegari. Wannan ma doka ce: da rana a tafi, da rana a dawo, kuma a bar wani a gida da ya san inda ku ke.

Wanda ba shi da mota ko kuɗin mai kada ya ce shi an bar shi. A cikin birni ma akwai yini guda: Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, a ƙare da gidan zoo, duk a Adaidaita Sahu. Mai son kwana ɗaya kuma ya nufi Daura ya nuna masu rijiyar Kusugu, ko Katsina su ga hasumiyar Gobarau, ya sauka gidan dangi, ya haɗa yawo da zumunci. Wuri ɗaya ko biyu sun ishi yaro. In ka cika masa wurare, gajiya kawai zai tuna.

Kafin mu kai Kura duk sun yi barci, Auta da takalmi ɗaya, hannun sa na ƙarnin kifi. Baban su ya dube su ta madubi ya ce in Allah ya kai mu hutun zango, Daura za a je. Na ce Allah ya kai mu, amma ni wayata a aljihu za ta yini.

Bidiyon nan na kan dutse har yau ya na nan, allon wayar ma da tsagar sa. Da na sake kallo a gida, sai na ga Auta a can gefen hoton, ya na tafiya shi kaɗai wajen ruwa. Ya wuce ta gaban kyamara ta, ban gan shi ba.

Allah ya tsare mana zuri'a, amin.