Sandunan da Aka Auna Min a Gyaɗi-Gyaɗi

Shekaru biyu da suka wuce likita ya duba sakamakon awon jinina, ya ajiye takardar, ya ce: “Dakta, magani zai yi nasa, amma sai ka haɗa da tafiyar ƙasa.” Hawan jini ne ya fara leƙo ni ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Na gwada sassarfa da asuba a unguwarmu ta Tarauni, amma mako biyu kawai na yi na gaji da ƙura da kauce wa masu Adaidaita Sahu. Daga nan wani abokin aikina ya ja ni zuwa filin golf na Kano, wanda aka kafa tun 1908, shekara biyar bayan Turawa sun ci birnin. Na je ne ina ɗari-ɗari, domin a ganina golf wasan manyan 'yan kasuwa ne da tsofaffin janar-janar. Sai na tarar cewa mutum kan taka kilomita shida ko fiye kafin ya kammala ramuka 18, hankalinsa na kan ƙwallo, bai ma san ya yi tafiyar ba. Abin da likita ke nema ke nan.

Matsalar ita ce kayan wasa. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14 a jakarsa, kuma cikakken jeri sabo daga manyan kamfanonin Amurka ko Japan da dala ake sayensa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗinsa ya kai albashin malamin jami'a na watanni da dama. Saboda haka na sayi na gwanjo, masu ɗauke da sunan wani shahararren kamfani, ina murna na yi tsintuwa.

Wata uku na yi ina fama. Ƙwallon ba ta tashi sama, in kuwa ta tashi sai ta karkace hagu. Bayana ya riƙa ciwo, wuyan hannuna ya kumbura. Har na yanke wa kaina hukunci cewa ba ni da baiwar wasan, na fara neman wanda zai sayi jakar. Ran nan wani dattijo cikin masu ɗaukar jaka, waɗanda ake kira kadi, ya dube ni ya ce: “Ranka ya daɗe, sandunan nan ba naka ba ne.” Na ɗan harzuƙa, na ce da kuɗina na saya. Ya yi murmushi ya ce: “Na sani. Amma wanda aka yi wa su dogo ne, kuma ya fi ka ƙarfin dantse.” Ya manna salatif a ƙasan kan sanda ɗaya, ya sa na buga a bisa wani guntun katako, ya nuna min inda salatif ɗin ya goge. A dunduniyar kan ne, ba a tsakiya ba. Ni gajere ne, sandar ta yi min tsawo, don haka goshin kan yake ɗagewa sama, fuskarsa ta juya hagu, ƙwallo ta bi ta. Darasin da ban samu a littattafan da na karanta ba, dattijon da bai gama firamare ba ya ba ni shi cikin minti biyar.

Tun daga ranar na shiga binciken abin yadda malami zai yi. Sandar golf sassa uku ce: kai, da ƙota, da mariƙin roba. Kowane sashe yana da awonsa. Fuskar kai tana da gincirewa da ake aunawa da digiri, ita ce ke sa ƙwallo ta tashi sama ko ta tafi nesa. Akwai kuma kusurwar da ke tsakanin ƙota da ƙasa, wadda ta dogara da tsawon mutum da nisan wuyan hannunsa daga ƙasa in ya tsaya. Ƙota kuwa, ta ƙarfe ce ko ta garafait, tana da matakan tauri. Mai bugu da sauri ƙota mai tauri yake buƙata, mai bugu a hankali irina kuma mai ɗan lanƙwasa, domin ita ce za ta taimaka masa ta ɗaga ƙwallon. Nawa na gwanjo duk masu tauri ne. Mariƙin ma sai ya dace da girman tafin hannu.

Na kuma fahimci cewa kan sanda iri biyu ne. Akwai siriri mai cikakken baya, wanda gwanaye ke so, amma in ka kuskure tsakiyarsa ko da kaɗan ne, ƙwallo ta lalace, girgizar kuma ta hau maka hannu. Akwai mai rami a baya, wanda aka kwashe nauyinsa aka rarraba a gefe-gefe, yadda ko ba ka sami tsakiya ba kan ba zai murɗe sosai ba. Wanda ya yaɗa wannan dabara shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ke aiki da kamfanin General Electric, wanda ya fara ƙera sanda a garejin gidansa a Kalifoniya cikin 1959. Daga garejin nan kamfanin PING ya fito. Wannan labari ya tsaya min a rai, domin garejin Solheim bai fi shagunan da nake wucewa kullum a Gyaɗi-Gyaɗi girma ba.

A Amurka da Turai akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce sayar da sassan nan a warwatse, kai daban, ƙota daban, mariƙi daban, a farashin da bai kusanci na manyan sunaye ba, saboda ba sa biyan taurarin wasa kuɗin talla. Ya kamata a bambanta wannan da jabu. Jabu shi ne wanda ya saci sunan wani ya manna. Waɗannan kuwa nasu zanen ne, kuma dokar wasa ba ruwanta da suna, siffa da awo take dubawa. Na sa wani tsohon ɗalibina da ke karatu a waje ya taho min da sassan sanduna bakwai, domin ɗan koyo ba ya buƙatar 14.

Saura haɗawa. Dattijon nan ya raka ni wurin wani mai walda a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin wani lungu da ke kusa da titin Kotu, wanda aikinsa ƙofofi ne da gadajen ƙarfe. Bai taɓa riƙe sandar golf ba. Na shimfiɗa masa takardar awo, ya duba ya ce: “Malam, ai wannan ƙota ce da ruwan fartanya, sai dai taku ta fi son lissafi.” Ya auna ni daga wuyan hannu zuwa ƙasa, ya yanke kowace ƙota ta gaza 'yar'uwarta da rabin inci kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya kankare bakin kowacce da samfefa don gam ya kama, ya kwaɓa gam mai haɗi biyu ya zura su cikin kawunan. Mariƙan kuma aka naɗa salatif mai manne ta fuska biyu, aka jiƙa shi da ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, aka zura robar kafin ya bushe. Da yake rage tsawo yana sa kai ya yi sauƙi a hannu, muka manna ɗan siririn darma a bayan wasu. Ya gargaɗe ni in bar gam ya kwana ya wuni. Ɗoki ya sa na ɗauki ɗaya da yamma na gwada a tsakar gida, kan ya fice ya fasa min tukunyar fure. Washegari na koma da kunya, ya sake haɗawa bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya ce: “Malam, ku ma ai ba ku ba ɗalibi digiri kafin ya gama.”

Ban zama gwani ba, amma ƙwallona ta fara tafiya inda na nufa, ciwon bayan ya tafi, kuma ina zuwa fili sau biyu a mako. Likita ya ga bambanci a awonsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halina. Makonnin farko na riƙa juya jakar don kada a ga sandunan ba su da sanannen tambari. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina kukan yadda muka raina abin gida, ga ni ina ɓoye aikin da ya fi dacewa da ni saboda ba shi da suna. Alhali ba wanda zai je sallar idi da rigar da aka ɗinka wa wani don kawai tsadar yadinta; tela muke nema ya auna mu. Manomi ma ya san maƙeri yakan dubi tsawonsa kafin ya sa wa fartanya ƙota. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da kuwa da kuɗinka ka aro shi daga jikin wani.

Ba ina cewa gobe za a fara zubin kawunan sanduna a Tarauni ba. Wannan yana buƙatar masana'anta da ƙarfe na musamman. Lanƙwasa wuyan kai don gyara kusurwa ma sai da na'urarsa, in ba haka ba ya karye. Amma yanka da haɗawa da sauya mariƙi da gyaran wadda ta karye, duk ayyuka ne da matashi mai hannu zai koya cikin 'yan makonni, da ma'auni da matsi da zarto. Akwai filayen golf a Kaduna da Jos da Abuja, kuma zafin ƙasarmu yana busar da robar mariƙi da wuri. Kwalejojin fasaha da sassan injiniya na jami'o'inmu za su iya koyar da wannan ba tare da wani babban kashe kuɗi ba. Waɗanda za su fi amfana su ne yaran da ke ɗaukar jaka, waɗanda da yawansu sun fi iyayen gidansu iya bugu amma ba su mallaki sanda ko ɗaya ba.

Tsofaffin sandunan nan na gwanjo ban sayar da su ba. Dattijon ya nuna min wani saurayi cikin yaransa, dogo mai ƙarfin dantse, na ba shi. Da ya buga a kan katakon, salatif ɗin a tsakiya ya goge. Makon jiya wani abokin wasa ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa, ya jujjuya ta yana neman tambari, ya tambaye ni wane kamfani ne. Na ce masa kan daga waje ya zo, amma awon da haɗin na Gyaɗi-Gyaɗi ne, kuma in yana so zan raka shi ranar Asabar.