Secret Story: Kundin Jitar Da Ya Buɗe Da Muryoyin Fadar Kambodiya

Yau maganar kiɗa ce ke tafe da mu, kiɗan ma na nesa. Wani kundi ne mai suna Secret Story, na Pat Metheny, makaɗin jitar jaz ɗan jihar Missouri ta Amurka, wanda kamfanin Geffen ya fitar a shekarar 1992. Mun san da yawanmu in aka ce jaz, abin da ke faɗo musu a rai shi ne ɗan kiɗan nan da ake sakawa ƙasa-ƙasa a ɗakin cin abinci na manyan otal, wanda ba wanda ke sauraro. Wannan kundi ba ya cikin wannan sahu. Kiɗa 14 ne a jere, kusan minti 76, kuma an shirya su ne don a ji daga farko zuwa ƙarshe kamar yadda ake bin labari.

Lokacin da ya fito, Metheny yana da shekara 37, kuma ya riga ya yi suna. Tun 1977 yake jan ƙungiyarsa tare da abokinsa Lyle Mays mai fiyano, suna cika manyan ɗakunan taro. Da ya so, da sai ya ci gaba da abin da ya san yana sayuwa. Sai ya ajiye sunan ƙungiyar a gefe, ya tsara aikin a kan na'urar haɗa sauti, sannan ya shiga gayyato mutane: babbar tawagar masu goge da masu busa daga Landan ƙarƙashin jagorancin Jeremy Lubbock, Naná Vasconcelos da Armando Marçal masu ganguna da ƙwarya daga Barazil, Charlie Haden mai babban goge na tsaye, Toots Thielemans ɗan Beljiyam mai busa hamonika, da mawaƙiya Akiko Yano daga Jafan. Irin wannan taro yana da haɗari. Kowa ya san yadda miya ke lalacewa in an ce duk abin da ke kasuwa sai an zuba a tukunya.

Abin da ya fara kama mu shi ne buɗewar. A kiɗa na farko, Above the Treetops, ba jita ake fara ji ba. Muryoyi ne siriri suke tashi da wani harshe da ba mu sani ba, mawaƙan fadar sarkin Kambodiya ne suna rera waƙar addu'a, tare da makaɗan pinpeat, wato tawagar kiɗan fada da wuraren ibada ta ƙasar, mai ƙararrawar tagulla da ganguna da wata busa mai kama da algaita. Gogen Landan suna shigowa a ƙarƙashinsu a hankali, kamar mai shimfiɗa wa baƙo tabarma. Sai can jitar Metheny ta sa baki, ita ma ba da ƙarfi ba. Duka bai kai minti uku ba.

Mun daɗe muna juya wannan minti ukun, domin muryoyin nan suna da tarihi a bayansu. Daga 1975 zuwa 1979 gwamnatin Khmer Rouge ta hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi a Kambodiya, kuma masu rawa da makaɗan fada suna cikin waɗanda aka fi farauta, saboda ana ganin su ragowar sarauta ne. Waɗanda suka tsira kaɗan ne, su ne suka riƙe abin a ka. Sai a watan Oktoba na 1991 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Paris, daidai lokacin da ake haɗa wannan kundi. Mu da muka tashi muna jin tambari da kakaki a ƙofar fada, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da ake nufi in aka ce an kashe makaɗan sarki. Gida guda ne ke riƙe da kiɗan kaka da kakanni, in gidan ya tafi, kiɗan ya bi shi.

To a nan ne ra'ayinmu ya rabu, kuma har yau bai gama haɗuwa ba. Wasunmu na cewa Metheny ya yi abin kirki: ya ba muryoyin wuri na farko, ya sa jitarsa ta bi bayansu, kuma dubban mutanen da ba su taɓa jin kiɗan Kambodiya ba sun ji ta dalilinsa. Wasu kuma na cewa a duba takardar kundin. Akiko Yano, wadda waƙarta da Jafananci ba ta kai minti biyu ba, an rubuta sunanta, har da rabonta a cikin waɗanda suka tsara waƙar. Toots sunansa na nan. Mutanen Kambodiya kuwa da sunan tawaga kawai aka ambace su. Addu'arsu ta zama ƙofar shiga labarin wani. Mu dai da muka rubuta wannan, muna ganin aron ya yi kyau a kunne kuma an yi shi da ladabi, amma ladabi bai share tambayar wa ya ci riba ba. Ba kuma za mu ɗaga murya da yawa ba, tunda mun san yawan karin waƙar Indiya da ke yawo a finafinanmu ba tare da an ambaci mai shi ba.

In aka wuce ƙofar, sauran gidan na Metheny ne. Finding and Believing ita ce ta fi kowacce buri, minti goma cur. Tana farawa da muryoyi masu kaifi da ba kalma a cikinsu, ganguna na ta tafasa, mutum ya rasa ko daga wace nahiya abin ya fito, sai kwatsam komai ya lafa gogen Landan su karɓe fili, daga baya jita ta dawo ta ja ragamar zuwa ƙarshe. Karon farko abin na iya gajiyar da mai sauraro. A karo na uku ne muka lura cewa bugun da aka fara da shi bai taɓa ɓacewa ba, yana nan a ƙasa yana riƙe da komai.

Wadda ta fi shiga ranmu kuwa ita ce Always and Forever, da ya sadaukar wa iyayensa. Jita ce a hankali, sai Toots, dattijo mai dab da shekara 70 a lokacin, ya shigo da hamonikarsa ya yi 'yan layuka kaɗan ya koma gefe. Duk wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal, iyayensa na can gida, sai dai waya da ɗan aike a ƙarshen wata, zai ji abin a ƙirji ko bai san sunan kayan kiɗan ba.

Daga tsakiya zuwa ƙarshe kundin yana ƙara duhu. The Truth Will Always Be tana ɗaukar fiye da minti tara tana hawa a kan bugun ƙaramar ganga irin ta fareti, mataki-mataki, har jitar lantarki mai kukan ƙaho ta ɓarke a sama. Bayanta sai Tell Her You Saw Me, sannan na ƙarshe, Not To Be Forgotten, inda mai kundin ya bar wa masu goge su rufe taron. Sunayen kaɗai sun isa su nuna cewa labarin haɗuwa da rabuwa ne, ko da yake ba a faɗe shi da baki ba.

Ba duka muke yabo ba. Akwai wurare, musamman a tsakiya, da zaƙin ya yi yawa, goge ya yi ta malala har abin ya koma kamar kiɗan fim ɗin soyayya, kuma wasu sautukan na'ura sun tsufa, da ji ka san farkon shekarun 1990 ne. Da an rage kiɗa biyu, da ba a yi asara ba. Duk da haka kundin ya ci lambar Grammy a 1993, kuma a 2007 kamfanin Nonesuch ya sake fitar da shi da ƙarin kiɗa biyar. Abin dariya, bayan wannan aiki mai laushi, a 1994 Metheny ya fitar da Zero Tolerance for Silence, jita kaɗai mai ƙara da hayaniya, wanda ya kori masoyansa da dama.

Cikin waɗanda suka yi aikin, da yawa sun riga mu: Charlie Haden a 2014, Naná da Toots a 2016, Lyle Mays a 2020. Mai son gwadawa, shawararmu ya nemi lokacin da aka rufe shago, janareton maƙwabta ya yi shiru, ya sa abin ji a kunne, ya bar shi ya tafi a jere ba tare da tsallake ko ɗaya ba.