Daren da na riƙe saƙon neman jini



A taronmu da ya wuce wani dattijo ya tambaye ni: "Malam Sakatare, wa ya ba ka ikon hana saƙon mutum fita?" Na amsa a gurguje, ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. To, Baba, ga ta a tsanake.

Ku ne kuka ba ni. Kowa zai tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da wayoyi suka yi ta ƙara da asuba cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Daga baya aka ji wasu sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka a ƙasar nan. Ni yayata ce ta turo mini, kuma don ƙauna ta turo. Bayan haka muka sha wani ɗacin: hoton yaro marar lafiya da lambar asusu, muka yi karo-karo muka tura, ƙarshe aka rasa wanda ya san yaron ko iyayensa. Da WhatsApp ya fito da tsarin da shugabannin zaure kaɗai ke iya tura saƙo a 2018, taro ya amince kowane saƙo ya biyo ta hannuna. Na kuma ɗora wa kaina sharaɗi: ba neman taimakon da zai wuce sai na yi magana da wani da na sani.

Har yau ina ganin hikimar tacewar. Lafia gari ne na kowa: Kambari, Gwandara, Alago, Eggon, Migili, Tibi, Fulani da Hausawa, kasuwa ɗaya muke ci. Layi biyu da ke cewa ƙabila kaza ta kai hari wuri kaza sun isa su sa a rufe shaguna daga Bukan Sidi har Tudun Gwandara kafin a gano ƙarya ce. A Indiya irin wannan jita-jita ta satar yara ta jawo kashe-kashe, shi ya sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa dokar ga duniya a 2019. Manhajar za ta iya ƙirga sau nawa aka tura saƙo, amma ba za ta san ko matar wane tana asibiti ba. Wannan sai mutum.

A nan ne na gaza. Da daminar bara, wajen ƙarfe 11 na dare, saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba. Ba sallama, rubutun a hargitse: matar ɗaya daga cikinmu ta haihu, jini ya ɓalle mata, rukunin jininta mai wuyar samu ne, a taimaka a sanar. Na kira mijin, waya a kashe. An ɗauke wuta, cajin tawa ya kusa ƙarewa. Na ce a raina wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, bari gari ya waye. Ban tura ba, ban ba da amsa ba. Na kwanta.

Da safe na ji gaskiya ne. Wayar mijin ce ta mutu, ƙaninsa ya ari ta wani ya rubuto. Suka zauna suna jiran mutanenmu su zo, don sun ɗauka sanarwa ta fita. Sai da dare ya raba suka hau babur suna buga ƙofofi, har Allah Ya haɗa su da mai jinin. Ta rayu, jaririn ma ya rayu, alhamdu lillahi. Daga baya na gano akwai ɗan ƙungiyarmu mai irin jinin da gidansa ke kusa da asibitin.

Da na je barka, mijin bai zage ni ba. Cewa ya yi: "Sakatare, da ka ce mana ba za ka tura ba, da tun da wuri mun nemi wata hanya." Maganar nan ta fi mari zafi. A da ina ganin abu biyu ke gabana, in bar saƙo ya wuce ko in hana shi. Ashe akwai na uku, shiru, kuma shi ne mafi muni, domin wanda aka mayar wa saƙonsa ya san inda ya tsaya, wanda aka yi wa shiru kuwa jira yake yi.

Saboda haka ga abin da zan gabatar a taro mai zuwa. Na ɗaya, duk saƙon da na ƙi, zan sanar da mai shi tare da dalili, in kuma rubuta a littafi don taro ya duba. Na biyu, saƙon da ya shafi rai, kamar jini, haɗari ko ɓatan yaro, ba zai wuce minti 15 a hannuna ba. In ban tabbatar ba, zan fitar da shi da bayanin cewa ba a tabbatar ba, ba kuma tare da lambar asusu ba. Na uku, a ƙara mutum biyu, mace da namiji, su riƙe ƙofar tare da ni, don mutum ɗaya yana barci. Jita-jitar rikici da tallan siyasa kuwa suna nan a hane kamar da.

Baba, ikon naku ne, aro kuka ba ni. In kun ga gyara, ku zo da shi ranar taro. Ga maijego da mijinta kuma, ina sake neman afuwa a gaban kowa.

Allah Ya sa mu dace.